Turken tushe da turin gefe: kansa a sake yake ko a ɗaure?

Ɗan-Rodi:

Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina neman haske kan lissafin turakun tushe idan nauyi ya zo musu ta gefe. Aikin ƙaramar gada ce a kan rafi mai yashi, irin wanda ke ƙafewa da rani ya tumbatsa da damina. Kowace fila, wato ginshiƙin da ke ɗauke da gadar, tana zaune a kan hular kankare mai haɗe kawunan turaku, ƙarƙashin hular kuma turaku huɗu ne, biyu-biyu, irin waɗanda ake haƙa rami a zuba. Kaurin kowane turke milimita 600, tsawonsa mita 15, tazarar da ke tsakaninsu daga tsakiya zuwa tsakiya mita 1.8. Gwajin ƙasa ya nuna yashi mai matsakaicin tauri, ruwa kuma yana dab da saman ƙasa. Turin gefe da ke faɗa wa kowane turke, daga birkin motoci da tunkuɗar ruwa, ya kai kN 80 (kilonuton, ma'aunin ƙarfi).

Ga inda gizo ke saƙar. Manhajar lissafi tana tambayar yanayin kan turke, ko yana iya juyawa ko hula ta hana shi. In aka ce a sake yake, kan yana gocewa kusan milimita 9. In aka ce a ɗaure yake, milimita 3.5 ne kacal. Iyakar da aka gindaya wa aikin milimita 6 ce, wato ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi. A zane, turken ya shiga cikin hula da milimita 75, rodi takwas masu kaurin milimita 20 sun zarce ciki. Shin wannan ya isa a kira shi ɗaurarren kai? Sannan nauyin da turke zai iya ɗauka kafin ya karye, nawa ɗaurin ke ƙara masa?

Mai Awon Ƙasa:

Wa alaikumus salam Injiniya. Alƙaluman da ka samu daidai suke, kuma ba sai da manhaja ba, da alƙalami ma za ka fitar da su ta hanyar da Matlock da Reese suka wallafa a 1960. Ya kamata ka yi hakan, domin a nan za ka ga abin da ɗaurin yake yi.

Da farko taurin turke, EI, wato E, taurin kankare, sau I, adadin da siffa da kaurin turke ke bayarwa. Ga kankare mai E na 30,000 MPa da kaurin mita 0.6, I yana kama 0.00636, EI kuma kusan 190,800 kNm². Ga yashi mai matsakaicin tauri da ke cikin ruwa, ƙimar nh, wato yadda taurin ƙasa ke ƙaruwa da zurfi, da ake ɗaukowa daga aikin Terzaghi na 1955 kusan 5,000 kN/m³ ce. Ka raba EI da nh, ka ɗauki tushe na biyar, za ka samu T = mita 2.07, tsawon da ke gwada taurin turke da na ƙasa. Turken da tsawonsa ya wuce 4T dogo ne, naka kuwa mita 15 ne a kan 8.3, don haka gindinsa ba ya motsi, samansa ne kawai ke lanƙwashewa.

Yanzu HT³/EI, inda H shi ne turin kN 80, ya ba da milimita 3.73. Sakakken kai yana gocewa 2.435 sau wannan, wato milimita 9.1. Ɗaurarren kai yana gocewa 0.93 sau wannan, wato 3.5. Bambancin ya ninka sau 2.6. Da a laka mai tauri ce, inda ake ɗaukar ƙarfin ƙasa bai canza da zurfi ba, ninkin biyu ne cif, kamar yadda lissafin Hetenyi na 1946 ya nuna.

Amma ragin gocewar nan ba kyauta ba ne. A sakakken kai, babu ƙarfin lanƙwasa a saman turke, mafi girmansa 0.77HT ne, wato kNm 128 (kN sau mita), kuma yana zurfin kusan mita 2.8. A ɗaurarren kai, ƙarfin lanƙwasar ya koma can sama, daidai mahaɗar turke da hula, ya juya fuska, ya kuma ƙaru zuwa 0.93HT, wato kNm 154. Ɗan abin da ya rage a ƙasa kusan kNm 42 ne a zurfin mita 4 da 'yan kai. Ke nan duk wanda ya danna "ɗaurarre" ya yi alƙawarin cewa mahaɗar nan za ta ɗauki kNm 154 ba tare da ta buɗe ba, kuma hular ba za ta karkata ko kaɗan ba. Manhajar ba ta duba ko an cika alƙawarin.

A zahiri babu turken da ke can ƙarshe ɗaya ko ɗaya. Abin da ke akwai shi ne taurin juyawa, mu kira shi K, wanda ake aunawa da kNm a kowane radiyan, ma'aunin kusurwa. Kason ɗauri shi ne K a raba da jimillar K da EI/(1.75T). A turkenka EI/(1.75T) kusan 52,600 ne. In K ya yi daidai da wannan adadi, ɗaurin rabi ne. Kafin ka kai kashi 90 cikin 100 sai K ya ninka shi sau tara, wato kusan 474,000. Ka ga daga rabi zuwa sama hawan yana da tsada.

A rabin ɗauri gocewa milimita 6.3 ce, ƙarfin lanƙwasa a kai kNm 77, a ƙasa kuma 78. Abin lura a nan: rabin ɗauri shi ne ya fi sauƙaƙa wa jikin turke, domin ya raba wahalar gida biyu daidai. Don ka sauka ƙasa da milimita 6 da waɗannan alƙaluman, kashi 55 cikin 100 kake buƙata. Manhajar LPILE da ire-irenta suna da zaɓin shigar da turin gefe tare da taurin juyawa, shi ya kamata ka yi amfani da shi maimakon zaɓi tsakanin biyun nan.

Baban Gada:

Malam Mai Awon Ƙasa ya shimfiɗa tushe, bari in ɗora daga ina K ke fitowa, don a nan ake yawan tafka kuskure. Abu biyu ne jere da juna, kuma wanda ya fi rauni shi ke da ta cewa: mahaɗar turke da hula, da kuma ita hular kanta.

Mutane suna zuba ido kan mahaɗa su manta da hula. Ko ka binne kan turke mita guda a cikin kankare, in hular za ta iya karkata, kan yana bin ta. Turke ɗaya tilo a ƙarƙashin fila, da hularsa komai girmanta, sakakke ne, har ma ya fi sakakke muni don fila tana aiko masa da nata ƙarfin lanƙwasar. Turaku biyu a layi ɗaya suna ɗaure ne ta fuskar layin, amma ta ɗaya fuskar a sake suke. Wannan shi ne ya fi kama masu zane, musamman in an juya hular a fili saboda bututu ko iyakar fuloti ba a koma kan lissafi ba.

Abin da ke hana hula karkata shi ne turakun gaba su danne, na baya su ja. Lissafinsa: ka ɗauki taurin kowane turke a tsaye, ka ninka da nisansa daga tsakiyar hula, ka sake ninkawa da nisan, ka haɗa. Taurin tsaye AE/L, inda A shi ne girman fuskar turke, L kuma tsawonsa, na turkenka kusan 565,000 kN/m ne, amma ƙasa ma tana ɗan nutsewa, don haka mu ɗauka 400,000 har sai gwajin nauyi ya ba da na gaskiya. Nisan kowane turke daga tsakiya mita 0.9. Huɗu sau 400,000 sau 0.81 ya ba da 1,296,000, kowane turke ya samu 324,000. In ka zuba a lissafin Malam, ɗaurin kashi 86 cikin 100 ne, gocewa kuma kusan milimita 4.3.

Kada ka yi saurin murna, ƙanena. Wannan lissafin ya ɗauka fila ba ta kawo komai ba sai turi. Birkin mota kuwa a saman gada yake aukuwa, mita da yawa sama da hula, kuma wannan ƙarfin yana karkatar da hular ne ta fuskar da ke sassauta ɗaurin. Dole a saka shi, kuma shi ya sa rukunin turaku ake lissafa shi gaba ɗaya da hularsa, ba turke ɗaya a ninka da huɗu ba.

Abu na biyu da ake mantawa: kNm 154 ɗin nan ba ya ɓacewa a cikin hula. Sau huɗu ya zama 616, in ka raba da turaku biyu sau mita 1.8, kowane turke na gaba ya samu ƙarin danniya kusan kN 171, na baya kuma an rage masa wannan adadi. A gada nauyin sama yakan rufe wannan. A gini mara nauyi kamar allon talla ko hasumiyar wayar lantarki, turken baya yana iya shiga ja, kuma da zarar ya fara zarewa taurinsa ya faɗi, hula ta karkata, ɗaurin ya kwance daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Game da mahaɗa: milimita 75 ɗin nan ba su ne ke ɗaure kan ba. Aikinsu su kare rodi daga ruwa su kuma taimaka wajen miƙa turin. Rodin da ya zarce shi ne ke ɗaukar ƙarfin lanƙwasa, kuma sai ya samu cikakken tsawon kamu. In muka ɗauki ninki 40 na kaurinsa, rodi mai milimita 20 yana son milimita 800 a miƙe cikin hula, wanda ke nufin hular da ba ta kai mita ɗaya ba za ta matse ka, sai dai a lanƙwasa bakin rodin. Dokar gadoji ta Amurka, AASHTO, ta fi tsanantawa kan turakun da ake bugawa: kan turke ya shiga hula da inci 12, in kuma an haɗa shi da rodi to kada ya gaza inci 6. Turken ƙarfe mai siffar H wanda ba shi da rodi, ana neman a binne shi kusan ninki biyu na faɗinsa kafin a ɗauke shi ɗaurarre.

In turke ɗaya ne ake son a ɗaure da bim, wato sandar kankare ta kwance, ga misali. Bim mai milimita 300 a 600, tsawon mita 5, an rage taurinsa rabi saboda tsagewa, EI nasa 81,000. In ɗaya ƙarshen yana kan wani turke da ke karkata tare da shi, K shi ne 6EI/L, wato 97,200, ɗauri kashi 65. In ɗaya ƙarshen a sake yake, 3EI/L ne, ɗauri kashi 48. Bim ɗin da aka zana don ya ɗauki bulo kawai ba a saka masa rodin sama da zai iya wannan aiki.

Ɗan-Rodi:

Na gode ƙwarai, ranka ya daɗe. To in na fahimta, da kashi 86 na tsallake milimita 6 ke nan. Saura tambayar karyewa.

Hajiya Injiniya:

Ba ka tsallake ba tukuna, amma bari in fara da karyewar.

Nan hanyar Broms ce, daga takardunsa biyu na 1964, ɗaya kan laka ɗaya kan yashi. A yashi ya ɗauka ƙasa tana iya tura turke da ninki uku na matsin ƙasa a lissafin Rankine, wato 3·Kp·γ·z·D, inda Kp adadi ne da kusurwar gogayyar yashi ke bayarwa, γ nauyin ƙasa, z zurfi, D kaurin turke. A laka ya yi watsi da zurfin farko na ninki 1.5 na kaurin turke, daga nan ya ɗauki 9·cu·D, inda cu shi ne ƙarfin lakar. Abin da ɗauri ke ƙarawa ya danganta da yadda turken zai faɗi.

Gajeren turke ba ya karyewa, ƙasa ce ke sakin sa. In kansa a sake yake, juyawa yake yi a kan wani wuri kusa da gindinsa. In a ɗaure yake, dole ya tafi gaba ɗaya yana tura ƙasa daga sama har ƙasa. A yashi, in turin yana daidai saman ƙasa, na biyun ya ninka na farkon sau uku. Dogon turke irin naka kuwa jikinsa ne ke karyewa. Sakakke wuri ɗaya yake buƙata ya karye, a ƙasa. Ɗaurarre sai wuri biyu, a kai da kuma a ƙasa. Ribar a yashi ninki 1.59 ce kawai, ba uku ba, ba ma biyu ba.

Da alƙalumanka: mu ɗauka yashin yana da kusurwar digiri 32, Kp 3.25, nauyinsa a cikin ruwa 9 kN/m³, turken kuma yana karyewa a kNm 250, wanda bai yi nisa da abin da rodi takwas ɗin za su ba da ba. Sakakke zai ɗauki kusan kN 154, ɗaurarre kusan 245. A kan kN 80, tazarar kariya 1.9 ce da 3.1. In kuma mahaɗar ba ta da cikakken kamu, a ce kNm 100 kawai za ta iya, sai ka tsaya a kusan kN 193. Ka lissafa ƙarfin turken da nauyin sama mafi ƙanƙanta da zai iya samu, ba mafi girma ba, domin danniya tana ƙara wa kankare ƙarfin jure lanƙwasa, kuma turken baya shi aka rage wa.

Yanzu ga abubuwa uku da za su cinye ribar da kake gani a gocewa.

Tsagewa. Kankare mai kaurin milimita 600 yana fara tsagewa a kusan kNm 64 in babu nauyi a kansa, kusan 124 in akwai kN 800. A ɗaurarren kai ka wuce wannan. In aka rage EI rabi, gocewa tana ƙaruwa da kashi 32, taka ta koma kusan milimita 5.2 ko da an yi la'akari da cewa turke mai laushi ya fi sauƙin ɗaurewa. Rage EI rabi a duk tsawon turke ya ɗan yi tsauri, tunda tsagewar kusa da kai take, amma ita tsagewar a daidai wurin da ɗaurin ya dogara take.

Inuwar rukuni. Turken baya yana tura yashin da na gaba ya riga ya sassauta. A tazarar ninki uku na kauri, kamar taka, AASHTO tana rage ƙarfin ƙasa zuwa 0.8 ga layin gaba, 0.4 ga na biyu, 0.3 ga na uku zuwa sama. A ninki biyar kuwa 1.0 da 0.85 da 0.7 ne. Matsakaicinka 0.6 ne. In aka rage nh da wannan don kimantawa, gocewa ta ƙaru da kusan kashi 36: 4.3 ta zama 5.8, 5.2 ta zama 7.1. Haka kuma turin ba daidai ake raba shi ba, na gaba sun fi ɗauka, don haka ƙarfin lanƙwasa a kansu ya wuce abin da kN 80 ke nunawa.

Na uku shi ne babba, zaizaya. Rafi mai yashi da ke cika lokaci guda yana ƙwaƙule ƙasa a gindin fila, sannan ya mayar da yashi in ruwa ya janye, wanda ya zo duba wurin da rani ya ga kamar ba abin da ya faru. A ce ruwa ya ci mita 2 a ƙarƙashin hula. Ko ba tsagewa ba inuwa, sakakken kai ya tashi daga milimita 9 zuwa 28, ƙarfin lanƙwasa daga 128 zuwa kusan 257. Cikakken ɗaurarre ya tashi daga 3.5 zuwa 8.4, ƙarfin lanƙwasa a kai daga 154 zuwa 231. Wato ko an ba ka ɗauri ɗari bisa ɗari ka faɗi, kuma rodinka yana dab da iyakarsa. Don haka tambayar farko da za ka kai wa mai lissafin ruwa ita ce zurfin zaizaya, kuma ka tabbatar da wane haɗin nauyi ake son a bi iyakar milimita 6, na yau da kullum ko na ambaliya.

Shawarata kan zane: gocewa da rodin jikin turke a lissafa su da ɗauri mafi ƙanƙanta da za a iya karewa da hujja, rodin kai da na hula kuma da cikakken ɗauri. Kejin rodi, wato rodin da aka ɗaure da zobba ake zurawa cikin ramin turke, ya sauka aƙalla 4T ƙasa da matakin zaizaya, wato ya wuce mita 10 a nan, kuma a turke mai mita 15 ni ban ga amfanin yanke shi ba. In lissafi ya ƙi, ƙara tsawo ɓarnar kuɗi ce, ƙarin rodi ma kaɗan yake rage gocewa. Kauri ne magani: daga 600 zuwa 750 gocewa tana sauka zuwa kashi 70 na da, zuwa 900 kuma kashi 52. Faɗaɗa tazara yana da riba biyu, inuwa ta ragu, taurin hula kuma ya ƙaru daidai da nisa sau nisa, sai dai hula za ta ƙara girma da kauri.

Tsohon Foman:

Injiniyoyi sun yi nasu, ga abin da ke faruwa da mahaɗar nan a fili, don a can ɗaurin ke samuwa ko ya lalace.

Kankaren saman turke shi ne mafi muni a duk tsawonsa. Shi ne na farko da ya fito daga bututun zubawa, ya taso yana ture laka da ruwan bentonait, wanda ake cika rami da shi don kada ya rufta. Shi ya sa ake zuba turke ya wuce matakin yanka da rabin mita zuwa mita ɗaya, a fasa a zubar. In ɗan kwangila ya yi tsimin kankare ya tsaya dab da mataki, wurin da aka lissafa zai ɗauki kNm 154 shi ne wanda za ka iya kankarewa da ƙusa. In an fasa aka kai mataki kankare bai yi kyau ba, a ci gaba da fasawa har a samu mai kyau, a sake ɗago shi da katakon zubi.

Fasawar ma tana da ƙa'ida. Kada a sa babban injin fasa dutse na bakin katafila a kan turke mai milimita 600, yana jefa tsaga ƙasa da inda ido ke gani. A fara zagaye turken da injin yanka a daidai mataki, zurfin da bai taɓa rodi ba, sannan a yi aiki da ƙaramin injin hannu daga gefe zuwa ciki, ba daga sama a tsaye ba. A bar kankare ya yi ƙwari tukuna. Saman ya fito a kwance, mai kaushi, a wanke ƙura kafin a zuba hula.

Rodin da ya fito, leburori suna kwantar da shi don su samu wurin aiki, daga baya su miƙar da shi, wani lokaci har da wutar walda. Rodin da aka lanƙwasa aka miƙar a gindinsa ya riga ya raunana a daidai mahaɗa. Wani lokaci keji yakan nutse ko ya taso yayin da ake zare bututun ƙarfe, sai a tarar rodin da ya rage sama milimita 400 ne maimakon 800. Maganinsa mahaɗin rodi mai zare ko huda a dasa sabon rodi da gam ɗin da aka tanada don haka, bisa zanen injiniya, ba ɗan guntun rodi a ɗaure da waya ba.

A duba kuma kankaren share fage da ake zubawa ƙarƙashin hula. In ya hau kan turke ya rufe shi, an sa kankare mai rauni tsakanin turke da hula, milimita 75 ɗin ma babu su. Zobban keji su matsu a mitocin sama, kuma a sa tayoyin tazara don kejin ya zauna a tsakiya da rufin milimita 75. Kejin da ya jingina gefe ɗaya yana da ƙarfi ta fuska ɗaya, rauni ta ɗaya, birki kuwa ta ko'ina yake zuwa.

Baban Gada:

Wani zai ce an manta da ƙasar da ke gaban hula, ita ma tana tare turi. Gaskiya ne, gwaje-gwajen da Mokwa da Duncan suka yi a Virginia Tech ta Amurka sun nuna hular da ke binne tana iya ɗaukar kusan rabin turin. Amma a cikin rafi ban yarda a ƙirga ta ba, ita ce ta farko da ruwa ke kwashewa. A tudu ma sai in cikon da aka mayar an daddaɓe shi hawa-hawa, kuma ba wanda zai zo ya haƙa lambatu a gefensa. A baƙar laka irin ta yankin Dikwa da Ngala, wadda ke dararrashewa da rani, ƙasa tana janyewa daga jikin hula da saman turke ta bar rata, don haka a can saman ƙasa a ɗauke shi kamar babu.

Akwai kuma inda ɗauri ke zama cuta. A gadar da aka haɗe bene da bangon ƙarshe ba mahaɗar motsi, ba turi ake ɗora wa turke ba, matsawa ake tilasta masa. Bene mai mita 60, in zafinsa ya sauya da digiri 20, abin da ba baƙo ba ne tsakanin daren hunturu da tsakar ranar Afrilu a Arewa, kowane ƙarshe yana motsawa milimita 6. Ɗaurarren kai irin na turkenmu zai sha kNm 267, sakakke kuwa 85 kawai. A irin wannan gada da gangan ake neman turke mai laushi.

Ɗan-Rodi:

Allah Ya saka da alheri. Akwai tanadin gwajin turin gefe a kwangilar. Tunda turken gwaji a sake kansa zai kasance, ta yaya sakamakon zai yi amfani ga turakun da ke cikin hula?

Mai Awon Ƙasa:

Gwajin ba ɗauri yake aunawa ba, ƙasa yake aunawa, kuma ita ce aka fi jahilta a lissafin. Ƙimar nh ta yashi iri ɗaya a cikin ruwa, Terzaghi ya ba da kusan 5,000, Reese da abokan aikinsa kuma, bayan gwajin tsibirin Mustang a Teksas da aka wallafa a 1974, kusan 16,000. Rage nh rabi yana ƙara gocewa da kashi 52, ƙarfin lanƙwasa kuma da kashi 15 kawai. Ke nan rodinka bai damu sosai da wannan saɓani ba, milimita 6 ɗinka ce ta damu.

A bi ASTM D3966, ƙa'idar Amurka ta gwajin turin gefe a kan turke. Hanya mafi sauƙi a sa jak tsakanin turaku biyu ya tura su, an gwada biyu a lokaci ɗaya, amma su yi nesa da juna yadda ƙasar ɗaya ba za ta shafi ta ɗaya ba. A sa na'urar auna nauyi a bakin jak, kada a dogara da agogon mai kaɗai. Agogon awo biyu a kowane turke, ɗaya a matakin jak ɗaya sama da shi da tazarar da aka auna, don a samu gocewa da karkata tare. Sandar da agogon ke zaune a kai ta kafu nesa da ƙasar da ke motsi, a kuma yi mata rumfa, domin rana tana miƙar da ƙarfe har ta ɓata awon milimita. In da hali a binne bututun auna karkata a cikin keji tun wurin zubi, zai nuna zurfin da lanƙwasar take.

Daga gocewar da aka samu sai ka koma baya: ka nemo T daga 2.435HT³/EI tare da 1.623MT²/EI, inda M shi ne turi sau tsayin jak daga ƙasa, sannan nh ya zama EI a raba da T sau biyar a kansa. Ka yi haka a kowane matakin nauyi, za ka ga nh yana raguwa yayin da gocewa ke ƙaruwa. Ka ɗauki wanda ya dace da gocewar da turakun aikin za su yi, kuma ka lura da matakin da layin ya karye saboda tsagewar kankare, kada ka ɗora wa ƙasa laifin da ba nata ba. Wannan nh ɗin shi za ka mayar cikin lissafin rukuni da K da ragin inuwa.

Sharaɗi biyu kafin a fara. A haƙe ƙasar da ke kewaye da turken gwaji har zuwa matakin zaizaya, da faɗin da ya isa, tunda ƙasar da ke zurfin ninki biyar zuwa goma na kaurin turke ita ke ɗaukar kusan dukan aikin. Sannan in da rani za a yi, a cika ramin da ruwa ya jiƙa sosai, don yashi mai ɗanshi da ke sama da ruwa ya fi na cikin ruwa tauri, a teburin Terzaghi 7,500 ne a kan 5,000.